Dattijon da zuciyarsa ke bugawa sau 33 a minti, da abin da takardar isiji ta nuna mana

Wata Talata ce cikin hunturu anka kawo shi, wajen ƙarfe goma na safe, ɗansa na tuƙa babur wani ƙanen ɗan na baya ya rungume tsohon kada ya zame. Dattijo ne manomin shinkafa daga wani ƙauye cikin fadamar da ke tsakanin Argungu da Augie, shekarunsa za su kai 70 ko su ɗan haura, shi dai abin da ya ce min ya yi wayo lokacin da anka ba Najeriya mulkin kai. Ni ma'aikacin jinya ne a wani asibitin gwamnati nan jihar Kebbi, kuma injin awon lantarkin zuciya da muke ce ma isiji a hannuna yake tun ranar da anka kawo mana injin. Na nemi izinin dattijon da ɗansa kafin in rubuta wanga bayani, sun yarda, sharaɗinsu ɗaya kar in faɗi suna ko gari.

Ɗan ne ya fara magana, ya ce "likita tsohona na, hwaɗuwa shikai, wata huɗu ke nan", a ƙauye dai duk mai farar riga likita ne. Faɗuwar da ta ɗaga masu hankali ita ce ta safiyar ranar, yana tsaye bakin injin ban ruwa sai ya kife cikin hanyar ruwan fuskarsa ta nutse, Allah ya sa jikansa na kusa ya jawo shi. Na ce su zauna su ba ni labarin yadda faɗuwar take daki-daki, don a irin wanga ciwo bakin wanda ya gani da idonsa ya fi kowane gwaji tsada. Sunka ce ba ya jin komai kafin ta zo, ba ihu ba jiri mai tsawo, yana magana sai kawai ya tafi ƙasa, fuskarsa ta yi fari kamar an shafa masa toka, wani lokaci hannunsa ya fizga sau biyu ko uku, kafin minti ɗaya ya buɗe ido jini ya dawo masa fuska, ya gane kowa, har ya tambaya me ya sa anka zagaye shi. Bai taɓa cizon harshe ba. Wannan farkawa garau ita ta fara tsaya min a rai, domin mai farfaɗiya in ya faɗi irin babbar faɗuwar nan yakan daɗe cikin magagi da barci da ciwon jiki kafin ya dawo daidai.

Cikin wata huɗun nan ba su zauna ba, kuma ban ga laifinsu ba ko kaɗan. An yi rubutu an yi hayaƙi an yi sadaka, wani mai kemis a kasuwar ƙauyensu ya auna bifi ya ga ya hau ya ba da maganin hawan jini, da faɗuwar ta ƙi tsayawa ya ƙara masa da na farfaɗiya. Na ce ɗan ya juye min ledar magungunan bisa tebur. Akwai atenolol mai miligiram 100 na hawan jini, akwai kabamazafin na farfaɗiya, akwai farasitamol da maganin ƙarin jini. Biyun farko duk suna iya rage gudun lantarkin zuciya, sai na ware su gefe guda.

Bifi ɗinsa 170 bisa 70, suga lafiya lau, gwajin maleriya ba komai, ba zazzaɓi. Sai na kama wuyan hannunsa ina kallon agogo. Wallahi na zaci yatsana ne ya goce, don tsakanin bugu da bugu sai ka ji shiru mai tsawo har ka fara neman jijiyar sannan ta buga da ƙarfi. Na ƙirga minti guda cur na samu 33, na sa abin saurare a ƙirjinsa na sake ƙirgawa 33, kuma a tsare take, ba ta gaggawa ba ta tsallake. Jijiyar wuyansa kuma jefi-jefi sai ta yi wani tsalle babba ta koma. Na tambayi ɗan ko cikin duk inda sunka je akwai wanda ya riƙe hannun Baba ya ƙirga, ya ce a'a, injin bifi kawai ake ɗaura masa a karanta lambar sama. Abin ya yi min ciwo, domin injin bifi ɗin ma yana nuna bugun zuciya a ƙasan allonsa, lamba ta uku ce da ba a kallo. Na je na faɗa wa likitanmu, bai ma gama jin bayanin ba ya ce "Malam jawo injin yanzu".

Da Baba ya ga wayoyi sai ya ja da baya ya ce "ɗana, wuta za ka sa min ga jiki?" Na ce a'a Baba, wutar tana jikinka tun kana cikin mahaifiyarka, injin sauraro kawai zai yi. Kuma gaskiyar ke nan, isiji ba ya tura komai cikin mutum. Kowane ƙwayar naman zuciya in tana hutawa cikinta da wajenta ba su daidaita ba ta fuskar caji, cikin ya fi waje ƙasa da kamar milibolt 90, saboda yadda gishirin sodiyam da fotashiyam sunka rabu, sodiyam ya fi yawa a waje fotashiyam ya fi yawa a ciki. In saƙo ya iso sai ƙofofi su buɗe sodiyam ya kwarara ciki cajin ya juye, kalsiyam ya biyo baya naman ya matse, sannan fotashiyam ya fita komai ya koma yadda yake ana jiran bugu na gaba. Wannan juyewar tana bin ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya kamar wutar daji, kuma da yake jikinmu ruwa ne da gishiri sai ɗan burbushinta ya iso har fata. Abin da ke isowa fata bai wuce wajen milibolt ɗaya ba, batirin tocila ɗaya mai bolt 1.5 ya ninka shi sau 1,500, shi ya sa ƙaramin motsi ma ke ɓata awon.

Yadda nake koya wa ɗalibai tafiyar saƙon, masallacin Juma'a nake kawo masu. Zuciya ɗaki huɗu gare ta, biyu sama biyu ƙasa, na ƙasan su ne masu ƙarfin da ke tura jini huhu da sauran jiki. A saman ɗakin sama na dama akwai wani ɗan ƙulli da ke ta da saƙo da kansa sau 60 zuwa 100 a minti, shi ne liman, in ya yi kabbara sahun cikin masallaci wato ɗakunan sama su bi nan take. Amma tsakanin sama da ƙasa akwai katanga da lantarki ba ya ratsawa, ƙofa ɗaya ce tal, wani ƙulli na biyu a tsakiya, shi ne mai isar da kabbara ga mutanen waje. Yakan ɗan dakata kaɗan kafin ya isar, kuma dakatawar rahama ce, ita ke ba ɗakunan sama damar gama juye jininsu ƙasa. Daga shi saƙo ya bi wata igiya ta rabu reshe biyu dama da hagu, ta bazu cikin ɗakunan ƙasa da gudu sosai har su matse kusan lokaci guda. Duk wanda ya taɓa sallah a sahun titi ranar da lasifika ta ɗauke ya san abin da ke biyo baya, ciki ana ta sallah daidai, waje an yi tsit ana jira, sai can wani ya ɗaga murya da kiyasinsa mutane su bi shi. Zuciya ma tana da irin waɗannan masu tsayawa a madadi, ƙullin tsakiya zai iya ja sau 40 zuwa 60 a minti, in abin ya lalace ƙasa da shi naman ɗakunan ƙasa ya ja da kansa sau 20 zuwa 40, kuma shi wanga na ƙarshe ba abin dogaro ba ne, yana iya yin shiru ba sallama. To da na ji 33 a hannun Baba raina ya riga ya ba ni inda matsalar take, saura takarda ta shaida.

Munka kwantar da shi munka rufa masa bargo daga ciki zuwa ƙafa, don sanyin hunturu na sa makyarkyata kuma makyarkyata lantarkin tsoka ce, tana cika takarda da ƙazanta. Na sa ɗan ya cire cajar wayarsa daga soket ɗin da ke kusa da gadon. Waya goma ake liƙawa, huɗu a hannuwa da ƙafafu shida a ƙirji, amma hoto 12 ke fitowa, don injin na haɗa wayoyin hannu da ƙafa ta hanyoyi daban-daban ya samar da shida, I da II da III da aVR da aVL da aVF, na ƙirji kuma V1 zuwa V6. Kowane ɗaya kamar mutum ne da ya tsaya wani ɓangare yana kallon abu guda, in saƙon na tahowa wajensa layi ya yi sama, in yana guje masa layi ya yi ƙasa. Wurin liƙa na ƙirji ba a yin sa da ka. V1 a rami na huɗu tsakanin haƙarƙari gefen dama na ƙashin ƙirji, V2 daidai shi a hagu, V4 a rami na biyar saitin tsakiyar ƙashin wuya na hagu, V3 tsakanin V2 da V4, V5 da V6 su bi layin V4 zuwa gaban hammata da tsakiyarta. Da yatsa ake lalubo ramukan ana ƙirgawa, na sha ganin an liƙa V1 da V2 can sama kusa da wuya kuma hakan na sauya hoton ya sa a ga ciwon da babu.

Takardar farko da ta fito ban yarda da ita ba. Wata ɗaliba ce ta ɗaura na hannuwa ni ina kan na ƙirji, da na duba sai na ga layin I duk ya kife ƙasa, aVR kuma ya miƙe sama, alhali a mai zuciya a hagu aVR kusan kullum ƙasa yake kallo tunda yana tsaye ne ta kafaɗar dama saƙo na guje masa. Na leƙa sai ga jar waya a hannun hagu rawaya a dama, an musanya su. A injinmu ja na hannun dama ne, rawaya hannun hagu, kore ƙafar hagu, baƙa ƙafar dama, akwai injinan da launinsu ya bambanta da wannan don haka harafin da ke jikin wayar ya fi launi abin dogaro. Ban yi mata faɗa ba, na nuna mata takardar na ce ta riƙe ta a jakarta, duk ranar da ta ga I a kife aVR a miƙe ta duba hannuwa kafin ta kira likita. Munka gyara munka sake, na kuma sa injin ya ja dogon layi na II don shi ya fi nuna ɗan tudun da ake ce ma P, alamar ɗakunan sama.

Kafin a karanta komai sai an san ma'aunin takardar. Tana tafiya milimita 25 a daƙiƙa, ƙaramin gida milimita ɗaya ne wato daƙiƙa 0.04, biyar ɗinsu su ba da babban gida mai daƙiƙa 0.2, babban gida biyar daƙiƙa ɗaya ke nan, minti guda kuma babban gida 300. A tsaye kuma milimita 10 shi ne milibolt ɗaya, akwai wani ɗan akwati da injin ke zanawa a farkon layi don ka tabbatar ba a taɓa ma'aunin ba. A bugun mai lafiya abu uku za ka gani a jere, ɗan tudu ƙarami mai suna P lokacin da saƙo ya ratsa ɗakunan sama, sai ɗan fili, sai tsini mai kaifi QRS lokacin da ya ratsa ɗakunan ƙasa, sai tudu mai faɗi T lokacin da ɗakunan ƙasan ke maida cajinsu. Daga farkon P zuwa farkon QRS ƙananan gida 3 zuwa 5 ne, shi kansa QRS bai kamata faɗinsa ya kai ƙananan gida 3 ba. Waɗannan haruffa wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Willem Einthoven ya sa su, shi ne ya ƙera injin da ya fara zana abin da kyau a garin Leiden farkon shekarun 1900, injin da nauyinsa ya kai wajen kilo 270 kuma majinyaci sai ya tsoma hannuwa da ƙafa cikin bokitan ruwan gishiri, an ba shi kyautar Nobel a 1924. Namu yau yaro ɗan shekara goma zai ɗauke shi da hannu ɗaya, amma haruffan ba su sauya ba.

Likita ya shimfiɗa takardar bisa tebur ya ce in karanta masa da baki ɗalibai na ji. Na fara da tsinin QRS, daga ɗaya zuwa na gaba babban gida 9, ka raba 300 da 9 ka samu 33, daidai da abin da yatsana ya ji, kuma tazarar ba ta sauyawa ko kaɗan. Faɗin kowane QRS ƙananan gida 4, ya yi faɗi ke nan, alamar ba ta igiyar gaskiya saƙon ya bi ba, daga can ƙasa ya taso yana rarrafe cikin nama. Sai na koma neman P, kuma nan ne aikin yake, don P ƙarami ne ba ya ɗaukar ido, mai gaggawa tsinin kawai yake gani. Na ɗauko farar takarda na ɗora gefenta bisa layin, na sa alama da biro kan P biyu da sunka fito fili, tazararsu babban gida 4 wato 75 a minti, sai na riƙa zame takardar gaba ina bi. Ko'ina alamar ta sauka akwai P a wurin, wani a fili, wani ya hau kan T ya sa masa ɗan ƙusumbi, wani ya ɓuya cikin QRS sai ɗan lanƙwasa kawai ke nuna shi. Ba su tsallake ko ɗaya ba. Sannan tambayar da ta fi kowace, mene ne tsakanin P da QRS? A bugun farko P na gaban QRS da gida 8 ƙanana, a na biyu da gida 13, a na uku yana cikinsa, babu wata alaƙa ko ta miskala zarratin. Sama na tafiya 75 ƙasa na tafiya 33 kowa da agogonsa. Liman lafiyarsa ƙalau, kabbarar ce ba ta fita waje.

Wannan shi ake kira toshewa mataki na uku ko cikakkiyar toshewa. A mataki na ɗaya saƙo na wucewa duka sai dai yana makara, tazarar P da QRS ta haura ƙananan gida 5. A na biyu wasu na wucewa wasu na faɗuwa, akwai irin da tazarar ke ƙara tsawo bugu bayan bugu har ɗaya ya faɗi, akwai irin da ke faɗuwa kwatsam ba gargaɗi kuma shi ya fi haɗari. Tsallen da na gani a jijiyar wuyansa ma ya samu fassara, duk sanda ɗakin sama ya matse daidai lokacin da na ƙasa ya matse ƙofar tsakaninsu na rufe, sai jinin ya koma baya ya bugi wuya. Hawan bifin na sama shi ma haka, zuciyar da ke jira kusan daƙiƙa biyu tana cika maƙil sai ta turo jini mai yawa a bugu guda, lambar sama ta hau ta ƙasa ta zauna. Ita wagga lamba ce mai kemis ya gani ya ba da atenolol, maganin da aikinsa rage gudun zuciya.

Ba mu tsaya nan ba don akwai abubuwan da ke kawo toshewa su kuma warke. Likita ya duba filin da ke tsakanin QRS da T a layukan II da III da aVF ko ya ɗaga, domin jijiyar jini ta dama ita ke ciyar da ƙullin tsakiya a yawancin mutane, in ta toshe ƙasan zuciya ya samu rauni lantarkin ma na iya yankewa, bai ga alamar hakan ba kuma Baba bai taɓa ciwon ƙirji ba, sai dai ya gargaɗe mu cewa in QRS ya yi faɗi irin haka karanta wanga fili ba shi da tabbas sosai. Munka duba T ko ya yi tsini kamar bukka wanda ke nuna fotashiyam ya yi yawa a jini, bai yi ba, gwajin jini ya dawo fotashiyam 4.2 ƙoda lafiya. Saura magungunan, anka tsayar da atenolol nan take, kabamazafin ma likita ya janye shi, anka sa masa layin ruwa a hannu anka ba shi allurar atirofin mai ƙara gudun zuciya. Bugun P ya ƙaru a allon injin amma QRS na nan 33 bai motsa ba, likita ya girgiza kai ya ce toshewar ƙasa da ƙullin take inda atirofin ba ya kaiwa, kuma a mai shekarun Baba galibi igiyar ce ta tsufa ta zama tabo.

Ba mu da monita a ɗakin maza, sai munka bar wayoyin a jikinsa injin na kunne kusa da gado, ni ke aikin dare ranar. Bayan isha'i yana ba ni labarin ambaliyar da ta cinye masu shinkafa a daminar 2020, yana cikin magana sai ya yi shiru idonsa ya ƙafe sama. Na kalli allo na ga P, P, P suna tafiya a jere bisa layi ba tsini ko ɗaya, na danna maɓallin bugawa na hau danna ƙirjinsa ina kiran sista ta kira likita, hannunsa ya fizga sau biyu, ɗansa na salati da ƙarfi, sai ga wani QRS mai faɗi ya faɗo, sai wani, fuskar ta yi ja ya buɗe ido ya ce "mi ya faru kunka taru?" Da na ƙirga a takarda P 12 ne sunka wuce ba amsa, kusan daƙiƙa 10 ƙwaƙwalwa ba jini. Wasu likitoci biyu na birnin Dublin, Robert Adams a 1827 da William Stokes a 1846, sun bayyana irin wagga faɗuwa tun babu isiji a duniya, da yatsa da agogo kawai sunka lura masu ita bugunsu na da nawa ƙwarai, har yau da sunansu ake kiranta. Fizgar hannun da ta sa anka ce farfaɗiya ce, ƙwaƙwalwa ce ke yi in jini ya yanke mata. Likita ya haɗa adirenalin, maganin da ke tunzura zuciya ta buga, cikin ruwa yana ɗiga a hankali, munka kwana kansa ba wanda ya runtsa.

Da safe likita ya tara 'ya'yan ya ce "Malamai, tsohonku ba ƙwaya za ta yi masa ba, batirin zuciya yake buƙata", ni kuma na ɗauko takardar daren na nuna wa babban ɗan, na ce ga kiran liman nan guda 12 ga inda ba wanda ya amsa, nan ne Baba ya tafi. Ya daɗe yana kallonta, bai yi boko mai nisa ba amma ya gane sarai, ya ce "ashe ba iska ba ta". Munka tura su asibitin koyarwa a Sakkwato da ma'aikaci ɗaya cikin mota da ruwan na ɗiga, na naɗe takardun biyu cikin ambulan na ce kar su bar su a rana ko aljihu mai zufa don irin takardar nan zafi na goge ta, na kuma ɗauki hotonsu a waya na tura wa ɗan. Can anka riƙe shi kwanaki har atenolol ya gama fita jikinsa ko bugun zai dawo, bai dawo ba, sai anka haɗa su da inda ake dasa batirin. Kuɗin miliyoyi ne, kuma wannan ne wurin da na fi jin nauyi a duk lamarin, don na san da yawa daga nan suke juyawa gida. Su dai sun sayar da bijimai biyu da buhunan shanshera da sunka ajiye, dangi da 'yan ƙungiyarsu ta manoma sunka cika sauran.

Aikin kansa ba a buɗe ƙirji, ana kashe wurin da allura ƙarƙashin ƙashin wuya na hagu a yi ɗan aljihu a fata a sa na'urar da ba ta kai akwatin ashana ba, a zura siririyar waya ta jijiya har cikin ɗakin ƙasa na dama. Tana sauraro ne, in bugu bai zo kan lokaci ba ta aika nata, batirin kuma na shekaru kafin a sauya shi. Mutum na farko da anka dasa wa irinta a Suwidin ne a 1958, Arne Larsson, irin faɗuwar Baba ke damunsa, an yi ta sauya masa na'urori ya rayu har 2001.

Bayan kamar wata biyu sai ga shi ya shigo da ƙafarsa ya kawo min katin na'urar da ƙullin shinkafa a leda. Na kwantar da shi na liƙa wayoyi, wanga karo da kansa ya ɗaga riga. A takardar kafin kowane QRS akwai ɗan siririn layi a tsaye kamar an soka allura, shi ne saƙon batirin, QRS ɗin na da faɗi har yanzu tunda daga ƙasa ake ta da shi kuma haka ake so a gani, tazara babban gida 5 cif wato 60 a minti. Bifi 140 bisa 80, bai sake faɗuwa ba ko sau ɗaya. Ina cire wayoyin na hangi ƙaramar wayarsa a aljihun gaban riga, na hagu, daidai bisa na'urar, na ce Baba wagga ta koma aljihun gefe na dama, in za ka amsa kira kuma da kunnen dama, kar ka tsaya kusa da masu walda, injin ban ruwa ma in yana aiki kar ka kwanta bisansa ka bar wa yara su tayar. Ya ciro wayar ya miƙa wa jikansa, ya ce a rubuta masa ranar da zai koma a duba batirin da manyan baƙi yadda yaron zai iya karanta masa, na rubuta a bayan katin.